Malamin Kifi a Cikin Waya: Jawabi ga Manoma Masu Kiwon Kifi

 

Maganarmu ta yau a kan kiwon kifi ce, da kuma inda mutum zai nemi ilminsa. Da yawa cikinku kun haƙa tafki a fadama, wasu sun gina tankin siminti a bayan gida, wasu kuwa tamfol suka kafa. Duk wanda ya fara ya san cewa kifi ba ya jiran ranar kasuwa. In ruwa ya ɓaci da asuba, kafin azahar an fara kwasar matattu. Malamin gona ɗaya ne ga ƙauyuka da yawa, ba kuwa kowane malamin gona ne ya karanci kifi ba. Saboda haka mutane suka koma ga wayar da ke aljihunsu, suna tambayarta.

Wannan ba laifi ba ne. Tambaya rabin ilmi ce. Amma fa ku sani, abin da ke cikin waya mutum ne ya sa shi, kuma da ya zauna zai rubuta, akwai tafkin da yake tunani a ransa. Watakila tafkin nan ba irin naku ba ne. Abin da nake so ku tafi da shi gida ke nan: ku san wanda ya yi magana, ku san don wa ya yi ta, sa'an nan ku gwada ta a ruwanku kafin ku zuba mata kuɗi.

YADDA ILMIN KIFI YA SHIGA WAYA

Kiwon kifi a tafki ba yau aka fara shi a ƙasar nan ba. Tun farkon shekarun 1950 aka buɗe gonar kifi ta Panyam, a cikin Jihar Filato ta yanzu. A 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, a shekarar kuma aka kafa aikin binciken tafkin. Wannan aiki shi ne ya girma ya zama Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Bussa a Jihar Neja, wadda a kan taƙaita sunanta da NIFFR. A zamanin nan ilmin yana cikin littattafai da 'yan takardu irin wannan, sai kuma shirin manoma na rediyo. Wanda ke nesa da ofis sai ya dogara ga abin da ya ji a bakin maƙwabci.

Wayar hannu ta fara bazuwa a Nijeriya a 2001. Daga baya aka sami wayoyi masu buɗe intanet, watau hanyar da kwamfutocin duniya ke magana da juna. Shafin intanet kamar rumfa ne a babbar kasuwa. Kowa yana iya kafa tasa, ya baza hajarsa. Akwai rumfar jami'a, akwai ta hukuma, akwai ta ɗan kasuwa mai neman ciniki, akwai kuma ta ɗan damfara. Daga nesa duk kamarsu ɗaya.

Sana'ar ita ma ta bunƙasa ƙwarai. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, ta ba da rahoto a 2024 cewa a shekarar 2022 abin da aka kiwata na kifi da sauran dabbobin ruwa ya kai tan miliyan 94, ya wuce abin da masunta suka kamo. Wannan ne karo na farko da haka ta faru. Nijeriya kuwa ita ce kan gaba a Afirka wajen kiwon tarwada. Inda kuɗi ya taru, masu ba da shawara su kan yi yawa, na kirki da na banza.

RUMFUNAN DA AKA SAN MASU SU

Bari in ambata muku kaɗan daga cikin wuraren da aka san asalinsu.

1. Shafin FAO. Hedkwatar hukumar tana birnin Rum na ƙasar Italiya. A shafinta akwai littattafan koyar da kiwon kifi masu zane-zane, waɗanda ke nuna yadda a ke gwada ƙasa, da gina ganuwar tafki, da shigar da ruwa da fitar da shi. Akwai takardar bayani a kan tarwada, akwai a kan karfasa. Tana da makarantar intanet kuma, inda a ke ɗaukar darasi kyauta. Yawanci da Turanci ne ko Faransanci ko Larabci, saboda haka sai a nemi yaron da ya yi makaranta ya karanta ya fassara.

2. FishBase. Wannan babban kundi ne na kifayen duniya. Masana biyu, Daniel Pauly da Rainer Froese, su suka fara shi a wata cibiyar bincike a ƙasar Filifin wajen ƙarshen shekarun 1980. Da farko a faifan kwamfuta a ke rarraba shi, a 1996 aka ɗora shi a intanet. Yana ɗauke da kifaye fiye da iri 30,000, da hotunansu, da abincinsu, da girman da su kan kai, da sunayensu a harsuna da yawa, har da wasu na Hausa. Amfaninsa gare ku shi ne sanin ainihin kifin da a ke magana a kansa. Ba ya koyar da kiwo.

3. WorldFish. Ita ce cibiyar da aka fara FishBase a cikinta, daga baya ta sake suna, ta koma ƙasar Malesiya. Ta yi suna wajen inganta irin karfasa, tana kuma sa littattafan horo a shafinta.

4. Access Agriculture. Ƙungiya ce da aka kafa a 2012. Aikinta tara bidiyon koyar da noma da kiwo, inda manomi ke nuna wa manomi, a fassara shi cikin harsunan gida. Akwai waɗanda aka fassara da Hausa. Ana iya sauke su a waya a kalla ba tare da intanet ba.

5. Na gida. Cibiyar Sabuwar Bussa da muka ambata, da cibiyar faɗakar da manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, watau NAERLS. Waɗannan sun san ruwanmu da yanayinmu. Da ɗan gari a kan ci gari.

Bayan waɗannan akwai YouTube da Facebook da zaurukan WhatsApp. A nan ne yawancinku ke kallo, a nan ne kuma aka fi bukatar lura, don babu mai tace abin da a ke sawa.

YADDA A KE GINA SHAFIN KOYARWA NA KIRKI

Yana da kyau ku san yadda a ke yin abin, don wanda ya san yadda a ke gini shi ke gane bangon da ya karkace. Shafin koyarwa na kirki ba aikin mutum ɗaya ba ne. Aƙalla hannu huɗu ke cikinsa.

Na farko masanin kifi, wanda ya yi gwaji ya auna. Na biyu malamin gona, wanda ya san abin da manomi ke iya saye da abin da ba ya iyawa. Na uku mai fassara, wanda zai mai da maganar cikin harshen da a ke ji a ƙauye. Na huɗu mai haɗa manhaja, watau ma'aikacin da ke shirya abin ya buɗe a waya. Bayan sun gama, tilas su kai shi gaban manoma su gwada, su ga inda aka gane da inda aka ruɗe, su koma su gyara. In aka tsallake wannan gwaji, sai a sami shafi mai kyaun gani wanda ba ya warkar da kome.

Ga alamun shafin da aka gina da irinku a rai:

Yana buɗewa a ƙaramar waya, ba ya cinye data.
Yana da murya da hoto, don wanda bai iya karatun boko ba.
Ana iya sauke darasin a ajiye.
Yana faɗin sunan hukumar da ta yi shi, da shekarar da aka rubuta.
Yana kiran kifi da sunan da kuka sani, ko ya nuna hotonsa sosai.
Yana ba da awo da abin da ke hannunku, kamar kilo da mita da bokiti.
Yana da hanyar da za ku mai da tambaya ga mutum mai rai.

In kun ga shafi ya rasa yawancin waɗannan, ku riƙe maganarsa da hannu biyu-biyu, kada ku yi gaggawa.

TAMBAYOYI BIYAR KAFIN KU BI SHAWARA

Duk abin da kuka gani ko kuka ji a waya, ku yi masa tambaya biyar.

Ta ɗaya: Wa ya faɗa? In mai maganar yana sayar da abinci ko magani ko 'ya'yan kifi, ku tuna ciniki yake nema. Ba lalle ne ƙarya yake yi ba, amma ba zai ambaci aibin kayansa ba.

Ta biyu: Wane kifi? Wannan ita ce ta fi cin mutane. Tarwada tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sama da ita, shi ya sa take jure cunkoso da ruwa mai ƙarancin iska. Karfasa ba ta da wannan. Wanda ya kalli bidiyon tarwada ya cusa karfasa a tanki kamar yadda ya gani, zai wayi gari ya tarar da su a sama suna haki. Abincinsu ma ya bambanta. Tarwada mai girma tana son abincin da sinadarin gina jiki ya kai wajen kashi 40 cikin 100. Karfasa kuwa wajen kashi 30 ya ishe ta, tana kuma cin tsanwar ruwa. Har wa yau, kifin da Amurkawa ke kiwo wanda ya yi kama da tarwada wani iri ne dabam, don haka lissafinsa ba na tarwadarmu ba ne.

Ta uku: Wace ƙasa, wane yanayi? Tarwada da karfasa sun fi girma in ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 26 da 30. Wanda ya yi bidiyonsa a kudu, inda babu sanyin hunturu irin namu, ba zai gaya muku abin da ke faruwa a Disamba da Janairu ba. In ruwa ya yi sanyi kifi ya kan rage ci. In kuka ci gaba da zuba abinci kamar da, sai ya nutse ya ruɓe, ya ɓata ruwa. A hunturu ku rage abinci, ku jira rana ta ɗaga ruwa ya yi ɗumi kafin ku ba su. A bazara kuwa zafi ne matsala, musamman a tankin tamfol da ke fili, sai an yi masa inuwa.

Ta huɗu: Wane irin wurin kiwo? Tafkin ƙasa dabam, tankin siminti dabam, tankin da injin ke tace masa ruwa dare da rana dabam. Yawan kifin da za a zuba a mita ɗaya ya dogara ga yawan ruwan da kuke iya sakewa. In mai bidiyo yana da rijiyar burtsatse da lantarki, ku kuwa guga kuke ja, lissafinsa ba naku ba ne.

Ta biyar: Yaushe aka rubuta? Yadda a ke gwada ƙasa bai sake ba tun shekaru da yawa. Amma farashin buhun abinci yana sakewa cikin wata ɗaya. Kada ku ɗauki lissafin riba na shekarun baya ku ci bashi a kansa.

GANI YA KORI JI

Bayan tambayoyin nan sai gwaji. Akwai abubuwan da waya ba za ta taɓa gani ba, sai ku da kanku.

Ƙasa. Kafin ku haƙa tafki, ku ɗebo ƙasa daga zurfin da gindin tafkin zai kai, ku jiƙa ta, ku dunƙula, ku jefa sama ku cafe. In ta tsaya a dunƙule akwai yumɓu, za ta riƙe ruwa. In ta wargaje yashi ya yi yawa. Sa'an nan ku haƙa rami mai zurfin ƙugu, ku cika shi da ruwa da safe, ku ƙara cikawa da yamma, ku rufe shi da ganye. Washegari in yawancin ruwan yana nan, wurin ya yi.

Ruwa. A tafkin ƙasa, ku tsoma hannu har gwiwar hannu. In tafin hannunku ya ɓace muku kafin a kai wuyan hannu, tsanwa ta yi yawa, a daina zuba taki, a ƙara sabon ruwa. In kuna ganinsa sarai har gwiwar hannu ta nutse, ruwan ba shi da abinci, karfasa za ta so a ƙara taki kaɗan. Ku yi amfani da hanci kuma. Ruwa ba ya tsami banza.

Asuba. Da rana tsanwar ruwa tana ba da iskar da kifi ke shaƙa, da dare kuwa ita ma shaƙa take yi. Saboda haka iska ta fi ƙaranci gab da fitowar rana. Ku riƙa zagaya tafki bayan sallar asuba. In kun ga karfasa sun taru a sama suna buɗe baki, kada ku ba da abinci, ku sake ruwa tukuna.

Tacewa. Tarwada tana cin 'yar'uwarta. A watannin farko, duk mako biyu ku ware waɗanda suka fi saura girma, ku sa su wuri dabam. Wanda bai yi haka ba zai zuba 1,000 ya kwashe abin da bai kai rabi ba, ya ce sata aka yi masa.

In kun ga sabuwar dabara a waya kuna son gwadawa, kada ku gwada ta a kan dukan kifinku. Ku ware tanki ɗaya ko kifi kaɗan, ku bi sabuwar hanya da su, saura ku bar su kan yadda kuka saba. Bayan wata ɗaya ku auna duka biyu. Sikeli ba ya son kai.

MANHAJAR LISSAFI DA LITTAFIN TAFKI

Akwai manhajoji masu lissafa abincin da za a ba kifi kowace rana. Suna da amfani, don abinci shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwon tarwada. Amma manhaja ba ta san tafkinku ba. Abin da kuka gaya mata shi take lissafawa. In kun ba ta ƙarya, ƙarya za ta mayar muku.

Ga misali. A ce kun zuba tarwada 1,000. Kun kamo 20 kun auna, sun yi kilo 2. Ke nan kowace tana da giram 100, dukansu kuwa kilo 100. In za a ba su kashi 3 cikin 100 na nauyinsu, abincin yini kilo 3 ne. To, a ce 200 sun mutu ko an cinye su, ba ku rubuta ba. Kifin da ya rage 800 ne, nauyinsu kilo 80, abincinsu kilo 2.4. Kullum kuna zubar da giram 600 a banza. A wata ɗaya kilo 18 ke nan, ya fi buhu guda mai kilo 15. Ba asarar kuɗi kaɗai ba, abincin nan yana can ƙasa yana ruɓewa yana ɓata ruwa.

Saboda haka kowane mai kiwo ya sami littafin tafki. Littafin 'yan makaranta ya isa, da boko ko da ajami. Ku rubuta ranar da aka zuba kifi, da yawansu, da inda aka sayo su. Kullum ku rubuta abincin da aka bayar da kifin da ya mutu. Duk mako biyu ku rubuta nauyi. Ku rubuta ranar da aka sake ruwa da kuɗin mai na injin. Ranar kwasa sai ku raba kilon abincin da aka ci da kilon kifin da aka ƙara. In abinci mai kyau ne kuma an kula, kilo 1 zuwa kilo 1 da rabi na abinci ya kan ba da kilo 1 na tarwada. In naku ya kai kilo 2 ko fiye, akwai inda ke yoyo, littafin kuwa zai nuna wurin.

IN KIFI YA KAMU DA CIWO

A nan waya ta fi amfani, a nan kuma ta fi haɗari. Mutum ya sa hoton mataccen kifi a zauren WhatsApp, nan da nan mutum goma su ba shi magani goma. Babu wanda ya tambaye shi ruwansa. Alhali kuwa yawancin mutuwar kifi a tanki daga ɓacin ruwa take farawa, da cunkoso, da yawan abinci.

In za ku aika wa malamin kifi ko likitan dabbobi tambaya, ku haɗa masa waɗannan:

Hoton kifin da bai daɗe da mutuwa ba, ko mai ciwon da ke da rai, gefe biyu da ciki, a cikin haske.
Ɗan gajeren bidiyo na yadda saura ke iyo.
Irin kifin, da kwanakinsa a tanki, da yawansu, da girman tankin.
Nawa suka mutu jiya, nawa yau.
Ranar da aka sake ruwa, da inda ruwan ya fito.
Irin abincin, da ko an sake shi kwanan nan.

Kafin amsa ta zo, ku tsai da abinci, ku sake wani sashe na ruwan a hankali, ku kwashe matattu ku binne su nesa da tafki. Kada ku yi amfani da koma ɗaya ko bokiti ɗaya tsakanin tankin masu ciwo da na masu lafiya.

Kada ku zuba maganin mutane ko na kaji a ruwa don wani ya faɗa a waya. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta, in ana zuba su barkatai, ƙwayoyin su kan saba da su, har ranar da ɗanku zai bukaci maganin ya ƙi yi masa aiki. In likita ya ba da magani, ku tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a sayar da kifin. Haka kuma kada a fesa wa bandar kifi maganin ƙwari don a kore tsutsa. Guba ce, mutane za su ci. A busar da shi sosai, a ajiye inda babu laima.

Yanzu kuma akwai manhajojin da a ke yi wa tambaya su amsa kamar mutum. Su kan taimaka wajen fassara da bayani. Amma su kan ba da amsar da ba daidai ba cikin lafazi mai daɗi, ba tare da wata shakka ba. Kada ku karɓi awon magani daga gare su sai likita ya tabbatar.

KU YI HATTARA DA 'YAN DAMFARA

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai masu sa hoton manyan kifi su ce ku turo kuɗi za a aiko muku da 'ya'yan kifi a mota. Wani ba za ku ƙara jin ɗuriyarsa ba. Wani zai aiko, amma ragowar da suka tsumbure ne, waɗanda aka tace aka bari, ku yi wata shida kuna ciyarwa ba su girma. Ku je wurin ƙyanƙyasa da ƙafarku, ko ku aiki wanda kuka yarda da shi. Ku duba 'ya'yan su zama kai ɗaya, masu kuzari, babu rauni a jiki. Ku tambayi wanda ya taɓa saye a wurin. A ɗauko su da sanyin safiya ko da yamma.

Akwai masu cewa ku kawo kuɗi su yi muku kiwo, duk wata ku karɓi riba mai yawa. Tarwada ta kan ɗauki wajen wata biyar zuwa shida kafin ta kai kilo guda. Wanda ya yi muku alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ku tambaye shi wane irin kifi ne wannan. Kada kuma ku ba kowa lambar sirri ta banki da sunan rajistar tallafi ko rance. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar ta.

GA MASUNTA DA MASU TAFKI A FADAMA

Ku ma waya tana da abin da za ta ba ku. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ta kan fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar kula da koguna kuma ta kan nuna wuraren da a ke tsoron ambaliya. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun share tafkunan kifi da yawa a bakin Kwara da Binuwai. Wanda tafkinsa ke kwari ya saurari wannan hasashe, ya tsara kiwonsa yadda zai kwashe kafin ruwa ya cika a Agusta da Satumba, ko ya ɗaga ganuwa ya kewaye da raga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kun ga bidiyon kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki, ku sani dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana. Irin wannan kamu yana kashe uwa da 'ya'ya, ya bar kogi fayau. Sarkin ruwa ya san wannan tun kafin a rubuta doka.

KU MA KUNA DA HANNU A GININ

Masu gina shafukan nan ba za su san bukatarku ba sai kun faɗa. Yawancin abin da ke intanet a kan kifi ba da Hausa yake ba, kaɗan ne kuma aka rubuta don mai tanki ɗaya ko biyu a ƙasa mai hunturu. Wannan ba zai gyaru ba in kun yi shiru.

Ku haɗa ƙungiya, ko da mutum goma ne. Ku zaɓi mutum ɗaya mai waya mai kyau da ya iya karatu, namiji ko mace. Ku haɗa kuɗin data, ya sauke darussa in ya shiga gari, ya raba muku a katin waya. Ku zauna ku kalla tare, ku yi wa darasin tambayoyi biyar ɗin nan. Matan da ke kiwo a cikin gida da masu banda kada a bar su a baya, a kai musu darasin har gida.

Sa'an nan ku tattara tambayoyinku ku ba malamin gona ya kai sashen kifi na ma'aikatar gona ta jiha, ko cibiyoyin da muka ambata. Ku ce kuna son darasi da Hausa, da murya. Ku gaya musu sunan da kuke kiran kowane kifi a yankinku, don abin da wani gari ke kira karfasa wani gari gargaza yake ce masa. In an kawo muku sabuwar manhaja a ce ku gwada, kada ku ce "ta yi kyau" don kunya. Ku nuna inda ba ku gane ba. Littattafan tafkinku ma, in an tara na mutum goma na shekara biyu, ilmi ne da babu shi a wani shafi na duniya, don shi ne ke nuna abin da kifi ke yi a ruwanku.

A TAƘAICE

1. Ku san wanda ya yi magana, da kifin da yake nufi, da ƙasar da yake.
2. Ku gwada sabuwar dabara a kan kifi kaɗan tukuna.
3. Ku riƙe littafin tafki, ku auna duk mako biyu.
4. In ciwo ya zo, ku fara duba ruwa, ku nemi likita kafin magani.
5. Kada ku tura kuɗi ga wanda ba ku ga wurinsa ba.
6. Ku kai tambayoyinku gaba, ku nemi darasi da harshenku.

Wanda ke da sauran tambaya ya ga malamin gona na yankinsa. Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu, ya sa a kwashe lafiya.